Layi Biyu da Na Tsallake

A shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, ina zaune a wata 'yar rumfa a Fagge, a bakin hanyar da ke gangarawa Kasuwar Singa. Sana'ata rubuta wasiƙa da karanta ta, duka da ajami, domin ban yi boko ba. A lokacin wayar hannu ba ta shigo ba. 'Yan dako da 'yan ci-rani da ƙananan 'yan kasuwa, duk wanda ya bar iyaye a ƙauye, wurina yake zuwa ya zauna a gefen buzuna ya faɗi abin da ke ransa, ni kuma in tsoma alƙalami a kurtu in rubuta. Direbobin manyan motoci su ne suke kai takardun, su ne kuma suke kawo amsa.

A gefen rumfata akwai Iya mai abinci. Bayarabiya ce, iyayenta daga Ilori suka zo, amma a Fagge aka haife ta, kuma in tana zuba Hausa sai dai in yi shiru in saurara. Shekara goma sha wani abu muna maƙwabtaka. Ba ta taɓa barin rana ta faɗi ba ta tsokane ni ba.

Ban taɓa zama na kalli fim ba a rayuwata kafin wannan shekara. Ina dai ganin shagunan hayar kaset suna ƙaruwa a unguwa, ina ganin hotunan 'yan wasa a manne a bango, kusa da na masu neman kujera. A raina duka biyun abu ɗaya ne, mutane ne da suka iya murmushi a gaban mai hoto.

Wata ranar Talata da hantsi sai ga wata mota ta tsaya a tsallaken titi. Wani saurayi dogo ya fito. Tun kafin ya ƙetaro na ga 'yan dako sun ajiye kaya suna nuna shi, Iya kuma ta tsaya da ludayi a hannu. Ya cire takalminsa tun daga nesa, ya zo ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, gaisuwa irin ta ɗan da aka yi wa tarbiyya, ba gaggawa.

Ya ce, “Malam, taimako na zo nema. An ce in fito a malami a wani fim, ni kuwa in na riƙe alƙalami sai ka rantse cokali ne. Jiya mai ɗaukar hoto dariya ta hana shi aiki.”

Na ce masa ni ba ruwana da fim.

Ya ce, “Ai shi ya sa na zo wurinka. Waɗanda suke da ruwa da fim duk cokali suka iya.”

Na yi ƙoƙarin haɗe fuska, amma dariya ta riga ta kuɓuce mini. Daga nan ya zama ɗan rumfata. Yakan zo sau biyu ko sau uku a mako. Na koya masa yadda ake feƙe alƙalami, da yadda ake ɗora takarda a gwiwa, da yadda ake karkace hannu don kada a shafe tawada. Yana da kai, cikin mako biyu ya kama. Amma bayan an gama fim ɗin ma bai daina zuwa ba.

Ba na so wanda zai karanta wannan ya ɗauka cewa halin kirkin nasa duk wasa ne. Na zauna da mutane iri-iri, na san mai yi don a gani. Wannan yaron yakan karɓi kwanon shinkafa da wake a hannun Iya ya tsuguna cikin 'yan dako ya ci, yana tambayar kowa garinsu da lafiyar iyalinsa, kuma in ya dawo bayan wata guda bai manta da wanda matarsa ke da ciki ba. Iya yana kiranta uwar ɗakinsa, ita kuma tana ce masa maƙaryacin talabijin. Da mahaifiyata ta kwanta ciwo, a bakin Iya ya ji. Ya zo har gida da motarsa, ya ɗauke ta da hannunsa ya sa a baya, ya kai mu asibiti, ya zauna da mu a benci yana kwaikwayon tafiyar likita har sai da tsohuwa ta yi dariyar da ta kwana biyu ba ta yi ba. Da ta rasu yana sahun gaba a jana'iza. Allah ya san waɗannan abubuwa sun faru, kuma ba zan shafe su ba.

Saboda shi na shiga ɗakin maƙwabcina wata rana da la'asar na kalli fim na farko. Na gan shi zaune a kan buzu, ya karkace hannu daidai yadda nake yi, har da ɗan tarin da nake yi kafin in fara rubutu, wanda ban san ina yi ba. Na ji wani daɗi a raina wanda bai dace da mutum mai shekaruna ba. Na dawo gida ina ta ba matata labari, ita kuwa tana kallona kawai.

Akwai wani ɗan dako da nake rubuta wa wasiƙa tun zuwansa Kano. A Kwaciri yake zaune da matarsa da 'ya'ya biyu. Mutum ne marar yawan magana, baro yake turawa daga Singa ya kai kaya shaguna. Ya yi allo kaɗan a ƙauye, ya san abin da zai yi salla da shi, amma bai iya haɗa baƙi ba. Mahaifinsa kuwa malami ne a garinsu, mai kyakkyawan rubutu, kuma na daɗe da sanin hannunsa ko da ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Cikin damina, wata rana bayan la'asar, wannan ɗan dako yana tura katan-katan na sabulu a wani titi a Sabon Gari sai mota ta kwashe shi daga gefe. Ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Motar ta rage gudu kamar za ta tsaya, sannan ta ƙara wuta ta tafi. Wani Ibo mai kantin magani a wurin shi ne ya rubuta lambar motar a bayan kwali, shi ne kuma ya sa shi a tasi ya kai shi asibitin ƙashi. Da 'yan sanda suka bi lamba, sai ta kai su gidan ɗan wasan nan.

Ɗan dako ya ce ya ga fuskar direba, kuma fuska ce da ba wanda bai san ta ba a Kano. Ɗan wasa ya ce motarsa ce amma ba shi ke tuƙi ba, wani abokinsa ne ya ara, kuma abokin ya yi tafiya ba a san inda yake ba. Aka ba da belinsa, magana ta je gaban majistare.

Gari ya ɗauka. A kowace majalisa zancen ke nan. Iya ta ce, “Da lokacin soja ne da tuni an binne maganar. Yanzu an ce farar hula ne, to mu gani ko talaka yana da baki.” Amma samarin unguwa kusan duk suna bayan ɗan wasa. Suka ce ɗan dako ya ga mai suna ne yana so ya ci arziki da shi. Suna cewa, “Mutum yana kwance a kwata, ƙafa a karye, wai har ya samu sukunin kallon fuska!” A bakin famfo a Kwaciri mata suna yi wa matarsa habaici. 'Yan uwan ɗan wasa sun ɗauki nauyin asibiti, suna cewa don Allah suka yi tunda motar gidansu ce, sai wannan ma ya zama abin gori, ana cewa an yi masa alheri ya rama da sharri.

Ana cikin haka sai ɗan wasa ya zo rumfata da tsakar rana, lokacin da kowa ya tafi masallaci ni kuma ina ɗaure gafakata. Ba da mota ya zo ba, a acaɓa ya zo, ya ja hula har goshi. Ya durƙusa kamar kullum, amma bai yi gaisuwa ba.

Ya ce, “Malam, ni ne.”

Na ce, “Kai ne me?”

Ya ce, “Ni ne a motar. Wallahi na taka birki. Sai na ga mutane sun taso daga ko'ina, na tuna yadda ake yi wa direba a irin wannan wuri. Ban san lokacin da ƙafata ta koma kan totur ba. Da 'yan sanda suka zo, yayana ne ya fara magana, ni kuma na yi shiru, daga nan na kasa komawa baya. Yanzu lauya ya ce in na amsa, da gudun da ƙaryar duka za a haɗa mini, gidan yari ne.”

Hawaye suna zuba a kan buzuna. Na ce masa ya je ya faɗi gaskiya, amma a hankali na faɗa, irin faɗar da mutum yake yi don a ce ya faɗa. Ya ce zai duba. Abin da ya roƙe ni shi ne addu'a kawai. Wannan ya kamata in rubuta shi a fili: bai taɓa roƙona in yi masa wani abu ba bayan addu'a. Abin da ya biyo baya ni na ɗora wa kaina.

Dattawa daga ɓangarensa suka yi ta zarya Kwaciri suna neman sulhu. Ɗan dako ya ce shi ba ya yanke magana sai abin da mahaifinsa ya ce. Aka aiko aka kira ni gidansa, na same shi kwance da ƙafa a ɗaure, na rubuta masa wasiƙa. Ya faɗi yadda abin ya faru, ya faɗi cewa ana kiransa maƙaryaci, ya ce wannan ya fi karayar ciwo. Ni na rubuta waɗannan kalmomi da hannuna, kuma ina rubutawa na san gaskiya yake faɗa.

Bayan kwana goma sha biyu amsa ta zo ta hannun wani direban motar gyaɗa. Ɗan dako ya zo rumfata a bayan acaɓa, da sanduna biyu. Iya ta ba shi kujerarta ta miƙa masa ruwa. Ya ciro takardar daga cikin hularsa ya ba ni da hannu biyu.

Mai karanta wa mutane wasiƙa idonsa yana riga bakinsa. Kana faɗin layin farko, idonka ya kai na uku, don kada ka yi tuntuɓe. Ina cikin karanta gaisuwa, ana gaida matarsa da yara da maƙwabta, sai idona ya sauka a tsakiyar takardar. Tsohon ya rubuta cewa ɗan Adam ajizi ne, kuma yafiya ita ce ta fi, kada ya nemi a ɗaure ɗan wani. Sannan ga layi biyu: “Amma kada ka janye sai ya zo gabanka, a gaban mutanen da suka ƙaryata ka, ya ce shi ne. In ya faɗa, ka yafe masa nan take, kada ka karɓi komai.” Daga nan sai addu'a da sallama.

Ban tsaya na yi shawara da zuciyata ba, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro in na tuna. Bakina ya karanta maganar yafiya da kyau, har da ɗaga murya. Da na zo kan layi biyun nan sai na yi ɗan tarin nan nawa, yatsana ya zame ƙasa, na ci gaba da addu'a.

Malamin da ya koya mini wannan sana'a yana da ƙa'ida. Ya ce wasiƙa amana ce ta mutum biyu, wanda ya rubuta ba ya nan, wanda ake karanta wa ba ya gani. In zagi ne a ciki ka karanta zagi. In ka gama ka ce “iyakarta ke nan,” kuma wannan kalma shaida ce kake bayarwa. Shekara ashirin ina faɗinta ban taɓa jin nauyinta ba.

Ɗan dako ya dubi takardar da ke hannuna. Can ya ce, “Malam, shi ke nan? Bai ce komai a kan gaskiyata ba?”

Na ce, “Iyakarta ke nan.”

Ya karɓi takardar ya ninke ya mayar cikin hula. Ya ce, “To, Baba ya fi ni sani.” Iya ta taimaka masa ya hau acaɓa.

A zaman kotu na gaba ya ce ya yafe, aka rubuta sulhu, aka sallami ɗan wasa. Samari suka yi jerin acaɓa daga bakin kotu har cikin Sabon Gari suna danna oda. Washegari ɗan wasa ya zo mini da turare da sabuwar hula, fuskarsa kamar ta yaron da aka yi wa kayan salla. Ya ce addu'ata ce. Iya tana goge tukunya ba ta ɗago ba ta ce, “Malam, lallai addu'arka tana ci. Ni ma a sa ni a ciki.” Ban san ko ta gane wani abu ba. Na yi dariya, na karɓi turaren.

Na gaya wa kaina na yi aikin alheri. Na ce ai tsohon da kansa yafiya yake so, ni hanya kawai na gajarta. Na ce me za a ƙaru da shi in an ɗaure yaro mai kirki, mai ciyar da gida guda. Waɗannan hujjoji suna riƙe ni da rana. Amma in na tsaya salla sai in ji kamar akwai tsakuwa a ƙarƙashin goshina.

Abin da ban lissafa ba shi ne yadda mutane za su fassara janyewar. Suka ce, “Ka gani? Da gaskiya gare shi ai da bai janye ba.” Waɗanda a da suke shakka yanzu suka tabbatar. Ƙafar ta ɗoru amma ta gajarce, ba zai ƙara tura baro ba. Akwai wani Alhaji a Singa da ya yi masa alkawarin zai zaunar da shi a shago ya riƙa kula da kaya. Da ya je, Alhajin ya ce ya yi haƙuri, shago yana buƙatar mutumin da in ya ce katan goma ne ba sai an sake ƙirgawa ba. Shi da kansa ya ba ni wannan labari, a rumfata, ba tare da ya ɗaga murya ba. Na ce masa Allah yana tare da masu haƙuri. Har wannan ma na iya faɗa.

Bayan an gama girbi, wata safiya ina feƙe alƙalami sai na ga ɗan dako yana tahowa da sandarsa, a gefensa wani tsoho siriri mai farar riga da ta sha wanki. Ban taɓa ganinsa ba amma na san ko wane ne. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Ya tambayi iyalina, ya yi mini ta'aziyyar mahaifiyata, domin ɗansa ya gaya masa. Sannan ya ce da ya iso jiya ya tambayi ɗansa ko yaron nan ɗan wasa ya zo ya amsa laifinsa, sai ɗansa ya ce ai ba a ce ya zo ba.

Ya miƙo mini takardar. Ya ce, “Malam, na ce ko rubutuna ne bai fita ba. Ido ya yi rauni, hannu ma yana rawa, tawadar kuma ta damina ce.”

Ƙofa ce ya buɗe mini, irin wadda dattijo yake buɗe wa wanda yake jin kunyarsa. Da na ce haka ne, da ya karɓa, ko da ya san ba haka ba ne. Na dubi takardar. Kowane baƙi a tsaye, kowane wasali a wurinsa, ko ɗigo ɗaya bai ɓace ba.

Na ce, “Baba, rubutunka ya fita. Ni ne na tsallake.”

Na karanta ta daga farko har ƙarshe. Iya ta ajiye ludayinta ta matso, kuma kallon da ta yi mini ya fi duk tsokanar da ta taɓa yi mini zafi. Ɗan dako yana kallon ƙasa. Tsohon ya tambaye ni ko an ba ni wani abu ne. Na ce a'a. Ya ce to me ya sa? Na ce ina son yaron ne. Da na ji maganar ta fito daga bakina sai na ji ƙanƙantarta.

Ya gyaɗa kai ya ce, “To, tunda kana sonsa ka san inda yake. Kai mu.”

Ofishinsu yana saman wani bene a Sabon Gari, a layin masu sayar da kaset. Sai da muka tsaya sau uku a matakala saboda ƙafar ɗan dako. Da ɗan wasa ya gan mu sai ya miƙe da sauri, ya kori samarin da ke zaune a kujeru, ya kama hannun tsohon ya zaunar da shi, shi kuma ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa. Ya aika aka kawo lemo da ruwan sanyi. Ya tambayi damina, ya tambayi gero da dawa, ya ba da labarin yadda ya taɓa zuwa gona jaki ya kayar da shi a gaban budurwarsa. Wallahi sai da tsohon ya yi dariya har ya share ido da bakin rigarsa. Ni ma na yi. Ɗan dako ne kaɗai bai yi ba.

Da dariya ta lafa sai tsohon ya ce, “Ɗana, tambaya ɗaya na zo da ita. Magana ta riga ta mutu a kotu, ba mai tayar da ita. Kai ne a cikin motar nan?”

Samarin suna tsaye a bakin ƙofa suna ji. Ɗan wasa ya dube su, sannan ya dube ni. Ban san abin da yake nema a fuskata ba, ko in taimake shi ya faɗa, ko in taimake shi ya ɓoye. Na sunkuyar da kai ina kallon kwalbar lemo.

Ya ce, “Baba, abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Ni dai wannan bawan Allah ɗan uwana ne daga yau, duk abin da yake buƙata ƙofata a buɗe take. Ka yafe mana baki ɗaya, ka sa mana albarka.”

Tsohon ya jira kaɗan ko akwai saura. Babu. Ya ce, “Allah ya yi mana albarka duka.” Ya miƙe. Ɗan wasa ya raka mu har ƙasa, yana riƙe da hannun ɗan dako a kowane mataki, ya tare mana tasi da kansa.

Ba mu shiga tasin ba, tsohon ya ce yana so ya taka. Mun yi nisa kaɗan sai ya ce, kamar yana magana da kansa, “Yaron yana da daɗin zama.”

Nan ne na tsaya a gefen titi na ce, “Shi ne. Ya zo rumfata ya faɗa mini da bakinsa, tun kafin wasiƙarka ta zo.”

Ɗan dako ya jingina da sandarsa ya dube ni, karo na farko tun safe. Ya ce, “Ai ni na sani, Malam. Ni aka buge. Ba ni ne nake buƙatar ji ba.”

Na ce zan je Singa in faɗa a gaban 'yan dako da Alhajin nan mai shago. Ya ce to.

Ban je washegari ba. Na ce bari in fara sanar da ɗan wasa don kada ya ji a bakin wani, tunda sirri ne ya ba ni. Na je ofishinsa sau biyu, aka ce yana wajen gari suna ɗaukar fim. Na ce bari Juma'a ta wuce. Gaskiyar magana ita ce ina tuna durƙusonsa da hawayensa da ranar da ya ɗauki mahaifiyata, sai ƙafata ta yi nauyi. Ko a yau, in na wuce wani shago na hango tsohon fim ɗinsa a talabijin, zuciyata takan yi sanyi kafin hankalina ya tuna mata. Ban iya cire wannan ba, na dai daina ba shi hujja.

Iya ce ta tashe ni. A rana ta tara ta ajiye mini kwanon abinci da ƙarfi ta ce, “Malam, ko Singa ta koma Legas ne? In kuɗin mota ne babu in ba ka.”

Na bar abincin na tafi. Na sami 'yan dako a inuwar wata tirela suna jiran a buɗe kaya, sun kai su goma sha biyar. Na yi sallama, suka ba ni wuri a kan buhu, na ƙi zama. Na faɗi komai a tsaye: abin da ɗan wasa ya gaya mini, da abin da ke cikin wasiƙa, da abin da na yi. Na ce ɗan uwansu da mota ta buge bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya, ni ne na yi. Na je shagon Alhajin na maimaita masa, ya saurare ni yana duba wasu takardu, ya ce Allah ya kyauta, ya riga ya ɗauki wani.

Da na dawo wurin tirela na tambaya ina zan sami ɗan dakon, don in gaya masa na cika alkawari. Suka dubi juna. Wani dattijo a cikinsu, mai gammo a kafaɗa, ya ce shekaranjiya suka tafi, shi da matarsa da yaran da tsohon, sun hau motar gyaɗa da tabarminsu da tukwanensu. Ɗakin ma an ba wani.

Wani saurayi daga baya ya ce shi dai har yanzu bai yarda ba, malamai ma ana saye. Ba wanda ya tsawata masa, ni ma ban yi ba. Dattijon ya gyara gammonsa, domin an fara buɗe tirela, ya ce, “Mun ji, Malam, Allah ya ba da lada. Amma da ka faɗa yana nan.”